Sabuwar Shokozoba Don Baba

A gidansu kaf babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Baba da Yaya suna ce masa Auta, sauran duniya kuma Injiniya, alhali aski ne sana'arsa. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan a shekarar aurensu, ranar da ya kwance fankar ɗaki don tana ƙara, ya mayar da ita ta daina ƙarar, ta kuma daina juyawa. Bayan fanka an yi rediyo, an yi dutsen guga, an yi famfon banɗaki wanda ya sa suka wuni suna kwasar ruwa da bokiti. Shi kansa ya san sunan ba yabo ba ne. Yana amsawa ne kawai don ya lura in ya ɓata rai an fi jin daɗin faɗa.

Abu ɗaya ne aka damƙa masa bai lalata ba, shi ne Baba. Tun da mahaifiyarsu ta rasu tsohon ya ɗauko jakarsa ya tare a ɗakin da ke kusa da ƙofa a gidan Injiniya, ya bar gidan Yaya, babbar 'yarsa, mai bene da mota, kuma har yau babu wanda ya san dalili. Injiniya bai taɓa tambaya ba, don gudun kada tambayar ta sa Baba ya sake tunani. In dangi sun taru ana lissafa wanda ya gina kaza da wanda ya sayi kaza, shi sai ya gyara zama ya ce Baba ya tashi lafiya, har ya shanye shayinsa. Da wannan yake rufe bakin kowa.

Da ciwon ciki ya kama Baba, likita ya ce a riƙa kawo shi duk mako, sai aikin ya faɗo kan babur ɗin Injiniya. Hanyar asibitin kuwa ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Da farko Baba ba ya cewa komai. Daga baya ya fara cewa abin nan yana dukansa. Injiniya ya rage gudu, ya ninke tawul ya shimfiɗa masa a kujera, ya koyi ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya kamar sunayen abokan cinikinsa, amma ƙorafin bai tsaya ba. A zuwansu na ƙarshe Baba ya sauka a ƙofar asibiti ya dafa bango ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, sai ya ce shi kam ya gama hawa wannan abu, in likita yana son ganinsa ya tako ya same shi.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Yaya. Da ta bugo waya da faɗa da Injiniya ya ji daɗi, don ya saba da faɗanta tun yana rarrafe. Sai ta zo masa da lallami. Ta ce ya yi ƙoƙari, kowa ya shaida, amma gidanta yana kusa da asibiti, ga ɗaki babu kowa a ciki, ga mota. Ta ce ba za ta tilasta ba, sai dai in ranar ganin likita ta zagayo Baba ya ƙi hawa babur, za ta zo ta ɗauke shi da kayansa. Injiniya ya ce mata babu komai, ƙaramin gyara ne. Ta yi shiru a wayar, shirun da duk wanda ya san tarihin fankar nan zai yi.

Da ya kashe wayar sai ya tsuguna bayan babur yana dube-dube, yana roƙon Allah ya nuna masa laifi. Ya kuwa samu. A jikin shokozobar hagu, ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgizar tayar baya, akwai ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai. Ya shafa da yatsa ya duba, farin ciki ya kama shi. Ciwon Baba ya fi ƙarfinsa, sunayen magungunan ma ba ya iya faɗa, amma ga laifi nan mai suna, wanda ake sayar da maganinsa a shago.

Mai kayan gyara ya tambaye shi irin nauyin da yake ɗauka. Nan Injiniya ya baje baki. Ya ce mahaifinsa yake ɗauka, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana lodin manyan motoci, wanda tafin hannunsa ya kai faɗin shebur, wanda in ya zauna a baya sai ka ji tayar gaba tana neman barin ƙasa. Ya ba shi labarin ranar da babur ya maƙale a taɓo, Baba ya sauka ya kama kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, da hannu ɗaya ya ciro shi. Mai shagon ya gyaɗa kai, ya shiga ciki ya fito da wasu jibga-jibgan shokozoba biyu masu jan sifirin, ya ce waɗannan masu dakon buhuna da jarkokin ruwa ne ke sayensu. Injiniya ya rungume su ya fito yana jin ya gama da Yaya.

Ranar da ba ya buɗe shago ya fito da babur tsakar gida. Ya shimfiɗa tsohon ƙyallen aski ya jera sifanu a kai daga ƙarami zuwa babba, yadda yake jera almakashi da mataji. Ya jingina wayarsa da gwangwani ya kunna bidiyon wani mutum da ke canza shokozoba. Ya kalli farkon, ya ja zuwa ƙarshe ya ga mutumin yana murmushi, ya ce ya gane. Matarsa tana gefe tana wanki a babban baho. Baba kuwa an fito masa da kujerar roba inuwar bango, yana zaune cikin rigar sanyinsa mai kauri duk da ranar da ake yi, ya ɗora hannuwa kan sanda yana kallo.

Matar ta tambaya ko ba zai fi sauƙi a tura wa bakanike ba. Ya ce bakanike ai mutum ne mai hannu biyu kamar shi. Ta ce haka ne, sai dai hannuwan ne suka bambanta, ta ci gaba da cuɗa riga.

Babur ɗin yana da ƙafar tsakiya da ake kafe shi a kai in za a yi aiki irin wannan, amma ta daina aiki tun wata rana da Injiniya ya ga kamar ta ɗan karkace. Don haka a ƙafar gefe ya tsayar da shi. Notin saman shokozobar hagu ya fita ba gardama. Na ƙasa tsatsa ta ci shi, ya ce sam. Injiniya ya ɗiga masa man injin aski, ya ba shi lokaci ya yi tunani, sannan ya sa sifana ya danna da duk ƙarfinsa. Sifana ta zame, bayan yatsunsa ya daki ƙarfe, ya miƙe yana yarfe hannu yana zagaya tsakar gida ba tare da ya yi ƙara ba, don mahaifinsa yana wurin. Baba ya ce ya zura bututu a hannun sifanar ya ƙara mata tsawo. Da aka yi haka notin ya saki, shokozobar ta fito.

A nan ne sana'a ta ci amanarsa. Duk mai aski ya san ba a barin kai gefe ɗaya a aske, ɗaya da gashi. In ka taɓa hagu, hannunka da kansa yake zagayawa dama. Injiniya ya ja baya ya dubi babur, ya ga hagu fayau, dama da tsohon ƙarfe, abin ya tsaya masa a ido. Kafin ya yi wani tunani ya riga ya zagaya. Wannan karon notocin ba su ba shi wahala ba, kamar ma suna sauri su ga abin da zai faru.

Yana zare ƙusa ta ƙarshe bayan babur ɗin ya yi wani nishi ya zauna daɓas a kan taya. Da baya ya sauka sai ƙafar gefe ta zama ta yi tsawo, ta tura shi ɗaya ɓangaren. Ya tafi a hankali, cikin natsuwa, ya kwanta da madubi a cikin bahon wanki. Ruwan kumfa ya wanke wa matar fuska. Wayar da ke jingine da gwangwani ta faɗi, yatsan wani ko ruwa ya taɓa ta, bidiyon ya koma tsakiya, daidai inda mutumin yake ɗaga yatsa yana gargaɗin cewa kada a kuskura a cire biyun lokaci ɗaya.

 Matar ta share kumfa daga girarta, ta tsamo madubin, ta miƙa masa. Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Baba kuwa dariya ce ta kama shi har ta koma tari, Injiniya ya ji daɗin dariyar duk da a kansa ake yi, don rabon da ya ji ta an kwana biyu.

Ya ɗago babur da kyar, matar ta riƙe masa kan babur ɗin. Saura a ɗaga bayan a tura wani abu ƙarƙashi. Yana cikin neman inda zai kama sai ya ji sanda ta faɗi. Baba ne ya taso.

"Matsa, Auta."

Ya matsa, don tun yana yaro in Baba ya ce matsa, matsawa ake yi a ga aiki. Baba ya kama kariya da hannu ɗaya ya ja. Babur bai san ana yi ba. Ya ƙara ɗaya hannun, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sannan ya saki, ya tsaya yana numfashi. Injiniya ya yi maza ya ce ai kumfa ce ta jiƙa ƙarfen, santsi yake yi, ko wane ne ba zai iya riƙewa ba. Ya ɗauko tsumma ya goge kariyar sosai don a ga gaskiyarsa. Baba ya dubi tafin hannunsa ya ce haka ne, santsi ne, ya koma kujerarsa. Matar ta yi wa mijinta wani kallo daga bayan kan babur, shi kuwa ya ɗauka maganar madubi ce har yanzu.

Su biyu suka ɗaga, suka tura benci da bulo a ƙarƙashin inji. Daga nan, abin mamaki, aikin ya fara tafiya. Wataƙila faɗuwar ce ta sa ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe. Ya shafa wa ƙusoshi giris. Ya rataya idon saman sabuwar shokozoba, ya zo na ƙasa ramukan suka ƙi haɗuwa, matar ta zura katako ƙarƙashin taya ta taka, tayar ta ɗago kaɗan, ƙusa ta shige. A dama salansa, bututun hayaƙin nan, ta tare hanya, ya sassauta ta ya kautar, ya gama ya mayar. Da washa ɗaya, ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa noti, ta rage a kan ƙyalle bai jefa ta aljihu ba kamar yadda ya saba, sai da ya nemo inda ta fito. Har matar ta fara kallonsa da wani ido daban.

A gindin kowane sifirin akwai zobe mai matakai, ana murɗa shi daga laushi zuwa tauri gwargwadon nauyin da za a ɗauka. Injiniya bai ko tsaya tunani ba. Tsofaffin ma a matakin ƙarshe ya sa su tun shekarar da Baba ya tare, don a lokacin in suka faɗa rami taya har gogar murfinta take yi. Ya sa ɗan ƙugiyar da ta zo a kwali ya murɗa zoben har ƙarshe, hagu da dama, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Suka janye benci, babur ya tsaya da ƙafafunsa, bayansa a ɗage, jan sifirin yana ƙyalli.

Saura abu ɗaya. Mai bidiyo ya ce ba a ɗaure notoci tamau sai an ɗora nauyin da babur zai riƙa ɗauka, a ga sifirin ya ɗan sauka, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Injiniya ya je gaban Baba ya rusuna ya roƙe shi ya zo ya zauna, ba tafiya za a yi ba, zama kawai. Baba ya ce ai ya rantse. Injiniya ya ce rantsuwar a kan tsohuwar shokozoba aka yi, ga ta can a ƙasa. Baba ya yi murmushi ya ce shi dai bakinsa ya fi hannunsa iya gyara, ya miƙe.

Matar ta riƙe kan babur da kyau. Injiniya ya tsuguna a gefe, ya sa babban yatsa a jikin ƙarfen daidai gindin sifirin don ya ga iya inda zai sauka, ya kafe ido a wurin. Ya ji motsin tufafi a sama, ya ji Baba yana gyara numfashi. Ya jira.

"Baba, zauna mana. Saki jikinka gaba ɗaya."

"Ai na zauna."

Ya ɗaga kai. Baba yana zaune sosai a kujerar baya, ƙafafunsa biyu a kan matakai, hannuwansa a kan gwiwa. Sifirin bai motsa ba ko kaɗan.

Injiniya ya ce sabon abu ne, dole ya yi tauri. Ya ɗauko ƙugiya ya sauke zoben mataki ɗaya, ya zagaya ya sauke ɗayan. Shiru. Ya ƙara saukewa. Ya yi ta zagaya babur yana saukewa yana dawowa yana sa yatsa, har zoben ya kai matakin farko, babu sauran inda za shi. A nan ne sifirin ya ɗan nuna alamar ya san an hau shi. Injiniya ya fara zagin mai kayan gyara, ya ce jabu ya sayar masa, ƙarfen gini ne aka nannaɗe aka shafa wa fenti. Yana faɗa ya dafa kariya da gwiwar hannu don ya miƙe, sai bayan babur ya sauka lumui a ƙarƙashinsa, ya dawo a hankali yadda ya kamata. Shokozoba lafiyarta ƙalau. 

Ya ce wa Baba ya sauko tukuna. Ya sa hannuwa ƙarƙashin hammatarsa don ya tallafa masa, ya tattara ƙarfi irin wanda ake tattarawa in za a taɓa mutum kamar Baba, sai ya ji ya ɗaga shi sama gaba ɗaya. Ƙarfin ya yi yawa har ya kusa faɗuwa da baya. A cikin rigar sanyin nan mai kauri babu komai sai haƙarƙari, yana jin su ɗaya-ɗaya a tafin hannunsa. Kwandon wankin matarsa in ya jiƙe ya fi wannan nauyi.

Duk mako yana yi wa mutumin nan aski. Yana yafa masa ƙyalle daga wuya zuwa gwiwa, ya gyara masa gemu, ya ce kumatun sun ɗan faɗa amma ai ciwo ne, za su ciko. Ya san kowace furfura a kan Baba, bai san abin da ya rage a ƙarƙashin ƙyallen ba. Ya je shago ya siffanta wani ƙato wanda ya daɗe da barin gidan, ya sayo masa ƙarfen ɗaukar buhu. Tsohuwar shokozobar ma da ya ɗora wa laifi, shi ne ya ɗaure ta tamau ya bar ta a haka shekara da shekaru, yana ratsa ramuka da tsoho a kai. Kunya ta rufe shi, bayan kunyar kuma tsoro, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya fara magana.

Bai san ya daɗe yana riƙe da shi ba sai da Baba ya ce, "Ajiye ni mana, ko sayar da ni za ka yi?"

Ya ajiye shi a kujerar roba. Ya tambaye shi me ya sa bai faɗa masa ba. Baba ya ce ya faɗa, ya ce abin yana dukansa, ai ba ƙarya ya yi ba. Da can yana da abin zama a kai, yanzu ƙashi ne yake haɗuwa da ƙarfe. Ya ce ya ga Auta yana ta ninke tawul yana kauce wa ramuka, sai ya rasa ta inda zai fara. Matar ta kafe babur ta koma bakin bahonta, tana ta cuɗa rigar da ta riga ta fita.

Injiniya ya ƙarasa ɗaure notocin, don ba a barin aiki a buɗe. Ya wanke hannu. Sannan ya shiga ɗaki ya kira Yaya. Ta ɗauka da shirin gardama, har ta fara cewa ita fa ba za ta sake jin wani ƙaramin gyara ba. Ya ce mata ta zo da motar gobe da safe, ta sa matashin kai biyu a kujerar baya, masu laushi. Ya ce Baba ba ya son shayi da zafi sosai, kuma ba ya cewa yana jin sanyi, sai dai a lura. Ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya, ya kashe kafin muryarsa ta tona shi.

Ashe taga a buɗe take. Da ya fito Baba yana kallon babur ɗin, bai dube shi ba. Injiniya ya tsaya yana jiran a tambaye shi ko korar mutane ya fara. Sai Baba ya miƙa wa matar sandarsa ya ce tunda an sha wannan wahala, a zagaya da shi layin nan ya ji aikin.

Suka ninke bargo a kujera. Injiniya ya tura babur waje, ya tayar, matar ta taimaka wa Baba ya hau. Ya saki kuloci a hankali, yana tafiya yana jan ƙafa a ƙasa, har wata mai ɗauke da kaya a ka ta wuce su. Suka wuce shagon mai ɗinki, suka wuce famfon layi. A kwanar farko akwai ɗan rami da ba shi da makauciya, ya cije leɓe ya shiga, babur ya shanye shi ba ƙara. Ya saurara bai ji komai daga baya ba. Babur ɗin yana tafiya sakayau kamar kullum in zai tafi shago shi kaɗai, sai ya saki hannu ɗaya ya lalubo baya har ya kama gefen rigar sanyi.

"Baba, kana nan?"

"Ina nan. Riƙe da hannu biyu, ka dubi gabanka."